Ranar da Sale Ya Naɗa Rawanin Baba

Ranar Arfa ta shekarar da na cika goma sha uku, ina zaune a ƙofar gidanmu a unguwar Rusaifa ta Makka, ƙafata ta dama naɗe da tsumma, zuciyata kamar an zuba mata garwashi. Kwana biyu kafin nan bakin gwangwani ya yanke ni a tafin ƙafa ina dawowa daga bazan, famfon unguwa inda muke ɗibar ruwa, ciwon ya kumbura ya tara ruwa. Saboda haka Baba ya ɗaure butocin shayinsa da buhun gawayi ya tafi Arfa ya bar ni, bayan shekara guda yana yi mini alkawarin bana da ni za a je. Duk namijin da ya isa ɗaukar kaya ya bi alhazai neman na kansa. Unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai awaki da tattabaru a kan rufin kwano. Mazan da suka rage a layinmu uku ne: wani tsoho makaho, da ƙanena Sale mai shekara tara, da ni.

Yaran yanzu ba su san gaisu ba. Al'adar matan Makka ce, iyayenmu mata da suka zo ta Sudan suka tarar da ita suka ɗauka. Idan maza sun watse zuwa Arfa da Mina, sai mata su buɗe akwatunan mazansu, su sa riguna, su naɗa rawuna, su manna gashin akuya a haɓa. Wannan ta zama sarki, waccan ɗan sanda, su ɗauki sanduna da ganguna su zaga unguwa. Namijin da suka samu a gari ya shiga uku, don za su kewaye shi da waƙar zambo, mutane suna can wurin aiki da ibada shi me ya zaunar da shi. Doka ɗaya gare su: abin da aka yi a gaisu ba ya zuwa kunnen maza.

Da la'asar na ji gangar tana hawowa dutse. Gwaggo Hajjo, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa, ita ce a gaba cikin wata tsohuwar rigar ɗan sanda. A tsakiyarsu kuma sai ga Baba. Baba ne sak, sai dai tsawonsa bai wuce ƙugun matan ba. Sale ne ya naɗa rawanin Juma'ar Baba. Ya maida hannun hagu baya, ya yi gyaran murya sau biyu, ya sosa haɓa da babban yatsa, ya ce, "Wane ne ya bar randa a buɗe?" Mata suka zube ƙasa. Innarmu, wadda ba kasafai nake ganin haƙoranta ba, ta riƙe ciki tana share hawaye. Ni ma na kusa yin dariya. Sai Gwaggo Hajjo ta nuna ni da sanda ta ce, "Ga wani ƙato ya maƙale a gari. Sale, yi mana yayanka." Ya cire rawanin ya miƙa wa Inna, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya turo leɓe, ya fara ɗingishi yana cewa, "Baba, ka tafi da ni, wallahi na warke." Maganar da na yi ke nan da safiyar tafiyar Baba, ina kuka, ina zaton babu wanda ya ji. 'Yan matan layinmu duka suna tsaye.

Sale haka Allah ya yi shi. Gidanmu ɗaki biyu ne na kwano da falankin akwati, da garken awaki uku, da zogale guda da Inna take shayarwa da ruwan alwala. Aikinmu ɗibar ruwa, tsintar kwali don awaki, da fifita wuta idan Baba yana gasa tsire a bakin hanya bayan lokacin aikin Hajji. Ni nake yin aikin, shi yake samun yabon. A bazan zan tsaya a layi rana tana dukana, shi kuwa sai ya kwaikwayi yadda alhajin Jawa, mutumin Indonesiya, yake cinikin tasbaha, ko yadda Baturke yake faɗa da mai jaki, masu ga-ruwa su yi dariya su cika masa gwangwani ba layi. A makarantar allo yana iya yin muryar malam daga bayan katanga har yara su nutsu. Ko langa muke yi, idan an kayar da shi sai ya mayar da faɗuwar abin kallo. Ni abin da nake da shi kawai a ce mini yaron kirki. Inna takan ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ban yarda ba.

Baba mutum ne mai zafi, amma yana da wata ɗabi'a. In ya doke ka, ba zai taɓa cewa ka yi haƙuri ba. Zai zagaya bayan gida ya dawo, ya tsaya a kanka, ya yi gyaran murya ya ce, "Ka ci abinci?" Wannan ita ce yafiyarsa, duk gidan mun sani.

Rana ta huɗu ya dawo daga Mina, fuskarsa ta ƙone da rana, ko takalmi bai cire ba na tare shi. Na faɗa masa Sale ya naɗa rawaninsa a gaban mata. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi, sai haushi ya ƙara kama ni. Nan na ƙara abin da ba a yi ba. Na ce ya kwaikwayi yadda kake salla, ya yi ruku'u ya yi sujada yana muryarka, mata suna dariya.

Sale bai yi wannan ba. Ina rubuta shi a fili, da hannuna, ina da shekara saba'in: bai yi ba.

Inna ta ce, "Malam, ba haka aka yi ba." Baba ya juyo ya ce, "To yaya aka yi? Kina wurin?" In ta ce tana wurin, ta tona kanta ta tona matan unguwa duka. Ya aika a tambayi Gwaggo Hajjo, ta ce ita ranar ciwon kai ya kwantar da ita, ba ta san komai ba. Mata fiye da ashirin sun ga gaskiya da idonsu. Sun ci dariyar yaron sun ƙoshi, da aka zo biyan kuɗin dariyar kowace ta ja ƙofarta. Har yau in na tuna su raina yana ɓaci, sai in tuna su tsoro ya hana su magana, ni kuwa babu abin da ya sa ni magana sai baƙin ciki. Sale bai yi kuka ba. Ya ce, "Yaya Habu, kalle ni." Na kalli ƙasa na rantse da Allah sau uku.

Kawu Ilu, ƙanen Baba da ke zaune a Bur Sudan, ya zo Hajji a shekarar, saura mako guda ya shiga jirgin ruwa a Jidda. Baba ya ce ɗan da ya yi wasa da salla a maƙwabtan Ɗakin Allah ba zai jawo masa bala'i a gida ba, a tafi da shi a gyara shi, shekara biyu ya dawo. Ina da kwana bakwai cur da zan iya buɗe baki. Na kwana da shi a tabarma ɗaya kwana bakwai. Ranar tafiya Inna ta ɗaure masa gyaɗa da dabino a ɗankwalinta. Sale ya tsaya a gaban Baba ya daɗe, na san abin da yake jira. Baba bai yi gyaran murya ba. A lokacin yawancinmu ba mu da ikama, takardar izinin zama a ƙasar, fita ba wuya, dawowa ce aiki. Shekara biyu ta zama ta har abada.

Sauran rayuwar Sale a wasiƙunsa na san ta. Ya gudu daga shagon Kawu yana da goma sha bakwai, ya shiga wankin tukwane a jirgin ruwa, ya sauka a Ingila ba shi da kowa. Ya yi shara a wani gidan wasan kwaikwayo. Wata rana yana shara yana maimaita maganar babban ɗan wasansu da muryarsa, mai gidan ya ji, ya ba shi ɗan matsayi na mai kawo saƙo. Daga nan ya shiga makarantarsu, ya gyara harshensa har ba a bambanta shi da 'yan ƙasa. Ya fito a soja, ya fito a likita, ya fito a sarki a kan dandamali. Ya yi shekaru a talabijin ɗinsu a matsayin wani mai kanti, ya shiga finafinai, ya yi aure can, ya karɓi fasfonsu, suka gutsure sunansa yadda bakinsu zai iya. Abin da aka kore shi a kai, shi ya ci da shi fiye da shekara arba'in.

Wasiƙun da Larabci yake rubuto su. Baba ya rantse ba zai taɓa su ba, Inna ba ta karatu, ni ne na yi aji huɗu, don haka ni nake karanta mata ina fassarawa, Baba yana zaune a waje yana yi kamar ba ya ji. Kowace wasiƙa, kafin gaisuwar ƙarshe, akwai layi ɗaya: "Yaya Habu, ka faɗa wa Baba gaskiya, ni kuma in zo." In na iso nan sai in yi tari, in tsallake zuwa gaisuwa. Da farko tsoron duka ne. Daga baya na yi aure, na zama mai shago, na zama wanda ake kira sasanta rigima a unguwa, sai abin ya koma tsoron kunya. Inna tana tambayata, "Bai ce yaushe zai zo ba?" In ce aiki ya yi masa yawa. Ta rasu da hotonsa a ƙarƙashin matashinta. Ina fushi da Sale ma a kan wannan. Yana da fasfo, yana da kuɗi, me ya hana shi ya zo umara ya ga mahaifiyarsa? Amma na san amsar. Ɗan Baba ne a taurin kai, ba zai tako gidan a matsayin wanda ya yi wasa da salla ba. Bayan shekara uku Baba ya bi ta. Ni na wanke shi. Sale ya aiko da wasiƙa mai kalma uku: "Ka faɗa masa?" Ban ba da amsa ba, bai ƙara rubutowa ba.

Watan jiya jikata Rahama ta shigo falonmu a unguwar Shisha da jawwal, wato wayar salula, a hannu. Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce, "Jaddi, shuf, wannan ba sunan gidanmu ba ne?" Ta karanta mini: wani ɗan wasan Ingila ya rasu, sun jera wasanninsa tun daga na farko. Ba Rusaifa a ciki, ba Inna, ba bazan. Kafin kwana uku falo ya cika da masu ta'aziyya, jikokin matan nan da suka ja ƙofa, kowa yana cewa ɗan unguwarmu ne, kakata ta goya shi. Yanzu samari suna shiga mota su tafi Jidda kallon fim da tikiti, su dawo suna ba iyayensu labari, babu wanda aka saka a jirgi. Na zauna ina karɓar gaisuwarsu kamar mutumin kirki, ina jin kamar in kife tiren gahawa. Babu wanda na fi jin haushi a falon nan kamar mai karɓar gaisuwar.

Da suka watse Rahama ta nuna mini wani guntun wasansa na tsufa. Ya fito a wani dattijo da ɗansa ya dawo gida bayan dogon rabuwa. Ya tsaya, sai ya maida hannun hagu baya, ya yi gyaran murya sau biyu, ya sosa haɓa da babban yatsa. Babu izgili a ciki ko ƙwayar zarra, kamar yadda babu a ranar Arfa. Baba ne, mai shayi da tsire, a gaban ɗaki cike da Turawa sun yi tsit. Ya faɗi wata gajeriyar magana. Na tambayi Rahama me ya ce. Ta ce, "Tambayarsa ya yi ko ya ci abinci."

A nan na ba ta labarin duka, ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina. Gaisu ya mutu, an rushe bazan, inda ɗakunanmu suke yanzu bene ne mai hawa shida, kuma duk waɗanda ya kamata su ji wannan magana suna ƙarƙashin ƙasa. Da zan samu la'asar ɗaya a wancan tsakar gidan, Inna a kan tabarma, Baba a waje yana yi kamar ba ya ji, da na karanta wasiƙar har ƙarshe. Layi ɗaya ne, bai kai numfashi biyu ba.