Abu na uku, sai Litinin

Wata Juma'a da hantsi, shekarar da nake aji biyar a lakwal ɗinmu ta Gure, Mushe, wato malaminmu, ya shigo da pil biyu, batir ke nan, da guntuwar waya, da ƙaramin ampul na tocila. Ya jona pil ɗaya, ampul ya yi ja kamar garwashin da ya kwana. Ya ƙara na biyu, sai haske tar. Ya ce mu tuna ban ruwa a garka: a wutar lantarki, tansiyo shi ne tudun da ake zubo ruwa daga kansa, kuran kuwa ruwan da ke gudu cikin hanya. "Tudu ya ƙaru, ruwa ya ƙaru." Sannan ya dubi agogonsa, ya ce akwai abu na uku, amma sai Litinin. Sai Litinin! Ka ba yaro kashi biyu na ilimi, ka cusa na uku a aljihu ka tafi masallaci. Har yau ban huce ba.

Baba yana da rediyo mai cin pil huɗu, ba ya bari ko ƙuda ya sauka kanta. Muryarta ta shaƙe, kullum ana shanya pil ɗinta a rana su farfaɗo. Ni kuwa, babban masani, na ce wannan aikin jahilai ne. Ranar Asabar, Baba yana kwari wajen dabino, na kwaso sababbin pil takwas daga kantin kawuna, na jera su cikin kwali, na ɗaure da roba, na jona. Rediyo ta yi magana da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Kalma uku. Sai hayaƙi.

Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya shinshina rediyon, ya ce, "Abin da ake koya muku ke nan? To, ya isa haka." Ya cire ni daga lakwal, Litinin ta same ni bakin rijiyar garka da guga a hannu.

Sai bara jikana Mamman, mai ɗora farantan sola bisa rufin mutane, ya ba ni na ukun yana ɓarar gyaɗa. "Kaka, rezistans ne, wato ƙuncin hanya. Hanyar rediyon tana nan yadda take, kai ka ninka tudu, ruwa ya ninku ya ɓalle ta." Na ce, "Rufe mini baki, ja'iri." Shekara hamsin ina matse hanyar ruwa da diddige don kada ya kwashe mini albasa, ashe darasin Litinin nake takawa.

Yaran yanzu ba sa jiran Litinin, komai yana cikin salularsu. An ce Mushe ya rasu a Damagaram, Allah ya jiƙansa. Rediyon na yafe masa tuntuni. Litinin ɗin ce ban yafe ba.