Kaumi Mai Yi Wa Bayin Rum Kuka

Kaumi ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba wanda zai ce ƙage nake yi masa. A unguwar Bolewa aka haife shi, a nan ya yi furfura. Boko ta gagare shi, ɗinki ya gagare shi, sai ya faɗa dillancin shanu a kara, sana'ar da baki kawai take nema. Baki kuwa Allah Ya ba shi har ya yi masa yawa.

Bara aka tura masa wani fim mai dogon zango a waya, an fassara shi da Hausa. Labarin bayin ƙasar Rum ne, waɗanda ake sa su sari juna a fili iyayen gijinsu na tafi, har ranar da suka yi bore. Shi ke nan muka shiga uku. Mutumin da ko ɗigon hawaye bai yi ba ranar rasuwar mahaifiyarmu, sai ga shi kan tabarma bayan la'asar yana jan majina. Wai an wage bakin wani bawa ana duba haƙoransa.

"Yaya Asta, kamar yadda muke yi wa sa fa! Ɗan Adam guda!"

Na ce Allah Ya kyauta. Wuraren tsiraici kuwa ya rantse tsallake su yake yi. Ni dai ban taɓa ganin yatsan nan yana sauri ba.

Ranar Laraba a kara ba shi da zance sai 'yanci. Ya ishi kowa, har Fulanin da ke kawo shanu suka sa masa suna Mai Bayi, sakaran kuma yana amsawa da fara'a.

Yana da 'ya, Meram, malamar firamare. Shekara uku yarinyar nan suna son juna da Yunusa, wani mai walda a unguwar Hausari, natsattse, ba ruwansa da hayaniya. Iyayen Yunusa suka kawo goro da alawa na gaisuwa. A gidanmu ba a ba da amsa sai an binciki asali, sai Kaumi ya tura amininsa Bunu. Bunu ya dawo ya ce dangin nan ba hauka, ba kuturta, ba sata. Sai dai wata tsohuwa ta gaya masa kakar kakan Yunusa baiwa ce, sayo ta aka yi, tun kafin zuwan Turawa.

Washegari Kaumi ya sa aka mayar da goron.

Na yafa mayafi na tafi gidan, raina a ɓace. Na tarar da Meram durƙushe a gabansa, shi kuma idonsa na kan waya. Ashe ya zo ƙarshen fim ɗin, an ci bayin da yaƙi, an gicciye su a jere a bakin hanya. Gemunsa sharkaf da hawaye.

Na ce, "Kaumi, ba ka jin kunya? Matar da ta fi shekara ɗari a kabari!"

Ya ce, "Yaya, so kike a riƙa yi wa jikokina gori a gidan biki?"

Meram ta ɗago ta ce, "Baba, wannan jagoran bayin da kake yi wa kuka, da zai zo neman aurena, za ka ba shi?"

"Har da sadakin zan biya masa! Ai namijin duniya ne."

"Bawa ne fa, Baba."

Ya goge ido da bakin rigarsa, ya dube ta kamar ta faɗi shirme. "Ke, ai shi Bature ne."

Wallahi ficewa na yi, don abin da ke bakina bai dace a gaban 'yarsa ba.

Yunusa ya yi aure bayan babbar sallah, ya auri wata 'yar garin Danchuwa. Kaumi ya koma farkon fim ɗinsa, karo na uku, kuma a daidai wurin haƙoran nan yake sake ɓarkewa da kuka. Makarantar Meram tana bayan shagon waldar. Kullum da safe sai ta zagaya ta bayan tasha, tafiyar da ta ninka biyu, don kada ta wuce ta ƙofarsa.