Abu Rusul, Mai Karatun Ƙasusuwa

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa samun Hikmat Abdussahib a gida ba. A tsaye yake shan shayi, ya zura safar hannu, ya buɗe akwati. Shekara ashirin da biyu ke nan Abu Rusul, kamar yadda muke kiransa a wurin aiki, yana jera ƙasusuwan mutanen da aka binne a rami ɗaya a hamadar Samawa, yana tantance namiji da mace. Ƙashin ƙugu yake fara dubawa, don na mace ya fi faɗi, sannan ƙoƙon kai da muƙamuƙi. Jibi zai yi ritaya, kuma tun makon jiya ya kasa zama wuri ɗaya.

A gabana aka yi ta Ummu Karrar, wata tsohuwa da ta zo neman ɗanta. An tono ƙasusuwa cikin kwat ɗin maza, a aljihu ga katin shaidar ɗan nata Karrar, wanda aka tafi da shi tun 1991. Shugabanmu ya ce a sa hannu a ba ta ƙasusuwan. Abu Rusul ya daɗe yana jujjuya ƙashin ƙugun.

"Inna, wannan mace ce."

"Kwat ɗinsa ne. Ni na ɗinke aljihun nan."

"Na yarda. Amma ba shi ne a ciki ba."

"Kai ka haife shi ko ni?"

Shugaba ya ja shi gefe. "Haba Abu Rusul, tsohuwa ce. Bar ta ta samu kabarin da za ta riƙa ziyarta."

"To ita wannan fa? Ba ta da uwa?"

Tsohuwar ta tofa masa yawu a takalmi ta fita. Bai sa hannu ba.

Bayan wata takwas gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi. Wata Nidal ce, malamar makaranta, 'yar shekara ashirin da uku. Ƙannenta suka kai ta Najaf suka binne. Yadda kwat ɗin ya hau jikinta, ba wanda ya sani. Muna zaton Karrar ne ya yafa mata saboda sanyi.

Har yau ba a ga Karrar ba. Duk Alhamis uwarsa tana zuwa, kuma ba ta yarda da bakin kowa sai naka, Abu Rusul. Kai ne ka ƙi yi mata ƙarya ranar da dukanmu muka so a yi.

Mun gode, Abu Rusul. Ku da za ku gaji teburinsa, ku dubi ƙashin da kyau kafin ku dubi tufafin. Alhamis mai zuwa tsohuwar za ta zo, ku za ta tarar.