Soron da Mati Ya Rufa

A shekarar 1969 na fara sanin Mati, a Gagarawa Tasha, lokacin ina akawun awon gyaɗa. Ban daɗe da fitowa daga makarantar mishan ba, ga rubutu mai kyau, ga agogo a hannu, ina ganin duk abin da ba a sa masa ma'auni ba shirme ne. An ɗauko shi daga Sule Tankarkar ya gyara mana ɗakin ajiya. Na tarar da shi tsugune a bakin kududdufi yana ɗanɗana ƙasa da harshe. Na tambaye shi ko yunwa ce. Ya ce a'a, ƙasar Gumel rairayi ce, kuma harshe ya fi ido gane wadda za ta riƙe gini. Daga ranar ya sa mini suna Ɗan Mishan, ni kuma nake ce masa Sarkin Magina, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa shi.

Bayan shekara biyu na auri Lauratu, na sami fili a Gumel, na kira shi. Mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar, ya rasu a baran, saboda haka sorona shi ne na farko da ya rufa shi kaɗai. Na auna ɗakin da kaina: ƙafa goma sha huɗu tsawo, sha biyu faɗi, kaurin bango daga ƙasa ƙafa biyu da rabi. A tsakiya ya ɗaura bakan gizo, wato ya dasa azara a cikin bango dama da hagu, ya riƙa ɗaura wata a kan wata suna lanƙwasowa har suka haɗu a sama, sannan ya lulluɓe su da ƙasa. Duk nauyin rufin a kan bakan nan yake. Ya shafe bangon waje da makuba, ya kafa indararo biyu ta gabas. In ka shiga da azahar a watan Afrilu, sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa.

A wannan soro Lauratu ta haifi 'ya'ya bakwai. Na ukunsu, Abdulsalam, shi Allah ya buɗa wa. Yana da manyan motoci biyu da ke ɗaukar kaya daga Maigatari zuwa Damagaram. A 2015 ya gina mana sabon ɓangare a cikin gidan, da bulo da siminti, rufin kwano mai launin shuɗi, tagogin gilashi, tayil a ƙasa. Ba zan yi wa ginin nan rashin adalci ba. Akwai haske, ina karanta jarida ba fitila. Kunama ba ta da wurin ɓuya. Ba ya neman yaɓe duk shekara, kuma tsoho irina ya san wahalar neman mai kwaɓa ƙasa a yanzu. Mati kansa da ya zo gani ya shafa kusurwar bangon, ya ce wannan miƙewa ko zare sai haka. Abu ɗaya ya ƙara: ginin bulo ba ya gaya maka yana ciwo, ginin ƙasa kuwa yana faɗa, in akwai mai saurare.

Ni na koma sabon ɗaki. Lauratu ta ƙi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta a 2018, maganarta ta ragu zuwa kalmomi kaɗan, muka gwada mayar da ita can don sauƙin jinya. Kwana biyu ta yi tana zufa tana nuna ƙofa da hannun da ya rage mata. Muka maido ta soro, gadonta a ƙarƙashin bakan gizo.

Ganin uwarsa ba za ta bar soron ba, Abdulsalam ya ce to bari ya kyautata shi. Ya kawo birkiloli daga Maigatari suka shafe bangon waje da siminti, har saman rufin, suka yi fenti fari. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta suna tsayawa suna yabawa. Ban gaya wa Mati ba, don na san abin da zai ce, kuma shekarun nan ƙafa ta fara hana shi tafiya.

Daminar 2022 ta zo da marka. A watan Agusta kullum sai ka ji a rediyo gini ya faɗa wa mutane a wani gari. Ranar Talata, sha shida ga wata, da misalin ƙarfe goma na safe, na shiga soro gaishe da Lauratu. Na ga ɓurɓushin ƙasa a kan mayafinta, daidai ƙirji. Na kakkaɓe. Muna zaune wani ya sake zubowa, siriri, kamar ana barbaɗa gishiri. Na ɗaga kai ban ga tsaga ba. Na fita na zagaya ginin, siminti sumul, ko layi babu. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da na ga tsaga da na san inda zan duba.

Na koma ciki na tarar idonta a sama. Ta ce, “Yana motsi.”

Na buga wa Mati waya. Ya tambaye ni launin ƙasar da ke zubowa. Na ce ja ce mai duhu, kuma da ɗan danshi. Ya tambaya ta wane gefen baka. Na ce ta arewa. Nan take ya kashe wayar.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya iso a bayan babur ɗin wani maƙwabcinsa, Cindo, gwiwoyinsa duk taɓo. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya yana kallon farin bangon, ya ce, “Ɗan Mishan, wa ya sa wa ginina likkafani?”

Ya karɓi sandata ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da siminti. Ta kudu sautin a cike yake. Da ya zo arewa sai ya koma kamar ganga. Ya yi mini bayani a gurguje. Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta ta fitar. Ruwa ya sami wata 'yar kafa a bakin indararo, yana shiga shekara uku, ba hanyar fita. Abin da ke bayan fentin nan yanzu kunu ne. Ya sa ƙarshen sandar ya ɗan danna, sai wani faifan siminti ya ɓalle, baƙar laka ta biyo shi tana wari.

A lokacin hadari ya riga ya haɗo daga gabas, iska ta tsaya cak. Na kira Abdulsalam, yana Maigatari, ya ce ga shi nan tafe, amma ko ya yi gudu sai ruwa ya riga shi. Lauratu mace ce mai jiki, ni ina da shekara saba'in da shida, kuma ƙofar soro ƙarama ce, gado ba ya fita sai an kwance shi. Mati ya sa Cindo ya ciro turken rumfar awaki, suka kafa shi a kan turmi, suka tokare bakan ta arewa. Turken bai kai ba, saura kamar inci huɗu. Mati ya naɗe rawaninsa ya cusa a tsakani, ya rungume turken da hannu biyu, ya jingina kafaɗarsa.

Na ce ya fito, turke zai tsaya da kansa. Ya ce ba zai tsaya ba, ƙasan turmin yana santsi.

“Ku ɗauke ta da tabarma. Kada ku ja gadon, kada ku taɓa bango. Hajiya, ki yi haƙuri, yau za mu yi miki rashin kunya.”

Ruwa ya sauko muna cikin mirgina ta. A soro ba a jin ruwan sama, wannan na cikin abin da take so game da shi, amma ranar na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, ƙara ƙasa-ƙasa daga cikin baka, kamar ana taka busasshen kara a hankali. Ƙasa ta fara zubowa da gudaji. Wani ya faɗo a kan matashin da muka ɗauke kanta daga kai yanzun nan. Cindo ya kama gefen kai, na kama ƙafafu, tabarmar ta kuɓuce mini sau biyu. Lauratu ba ta yi kuka ba. Mati take kallo, shi kuma yana kallon sama, leɓensa yana motsi, jar ƙasa tana taruwa a furfurarsa. Daga gadon zuwa ƙofa taku shida ne. Na sha auna shi. Ban san taku shida na da nisa haka ba.

Da muka ajiye ta a sabon ɗaki na koma na tsaya a ƙofar soro ina kiransa. Ya ce in matsa daga ƙofar. Ya saki turken a hankali, yatsa bayan yatsa, ya fito da baya. Bakan bai faɗi ba. Ya dai sauko kamar tafin hannu, ya zauna a kan turken, ya tsaya a haka.

Abdulsalam ya iso da la'asar, jiƙe sharkaf. Abin da na faɗa masa a gaban mutane ba zan rubuta shi ba. Na ɗora masa laifin duka, na manta ni ne na tsaya ina yaba fenti. Ya sunkuyar da kai ya ce gobe zai turo a rushe soron. Mati ya roƙe shi ya bari zuwa kaka.

Makonnin da suka biyo baya sun fi ranar nauyi a wurina. Duk sanda ruwa ya bugi kwano sai Lauratu ta firgita, ta ɗauka rufi ne ke zubowa. In rana ta fito kuma ɗakin ya zama tanda. Ta daina cin abinci sai kunu cokali uku. Malamin asibiti ya ce jininta ya hau, kuma ciwon shanyewar jiki in ya dawo karo na biyu ba ya barin mutum. Kullum tana nuna ƙofa. Na aika Gumel da Maigatari da Gagarawa neman azara, aka ce sai katako. Masu giginya sun ƙare, wanda ake samu ɗanye ne, gara za ta cinye shi a shekara biyu. Tsakanina da Abdulsalam kuwa sai gaisuwa.

Ranar uku ga Nuwamba, da hantsi, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidana da azara tara, baƙaƙe wuluk, masu nauyi kamar ƙarfe. Na tambayi Mati inda ya samo su, ya ce a wani kango. Kwana goma sha tara ya yi yana aiki da mutum biyu. Suka ɓamɓare simintin duka, suka buɗe bakan ta arewa, suka sake ɗaura shi. Shi yana zaune a kan turmi yana nuni da sanda, amma yaɓen ƙarshe da tafin hannunsa ya yi. Ranar da muka maido Lauratu ta daɗe tana kallon sama, sannan ta nemi tuwo.

Bayan mako guda na hau mota zuwa Sule Tankarkar in yi masa godiya, ban sanar da shi ba. Na san gidan, na san soron da mahaifinsa ya gina, inda Mati ke kwana tun yana saurayi. Na tarar da bango huɗu a tsaye, sama a buɗe. An jera kwano uku a gefe ɗaya an danne da duwatsu, shimfiɗarsa a ƙarƙashi.

Ya ga inda nake kallo. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya bari na sha, sannan ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce azarar kirki daga namijin giginya ake fasa ta, ta mace cikinta taushi ne. A 1971 da yana ɗaura bakana azara ɗaya ta kasa. Ya ji kunyar ya ce wa akawu mai agogo lissafinsa bai cika ba, a aikinsa na farko. Akwai ta mace a yashe, ya sa ta a ƙafar baka ta arewa, ya rufe da ƙasa. Da ya buɗe kwanakin baya, sauran duk lafiyarsu ƙalau duk da ruwan da suka sha. Ita kaɗai ce ta zama gari.

“Simintin ya yi nasa, ban ce bai yi ba. Amma da namiji ne a wurin, da ya jira ku har rani. Ka sassauta wa yaron nan.”

Na ce to ai ɗaya ya ci mini, me ya kawo tara. Ya ce ba a zare azara ɗaya daga rufi a bar sauran. Na ce ya zo Gumel ya zauna a sabon ɗaki kafin a san abin yi, ga shi ni kaɗai ne a ciki. Ya yi dariya ya ce shi da kwano sun riga sun fara sabawa, kuma damina da saura wata shida.

A motar komawa na kira Abdulsalam. Na ce in ya taso daga Maigatari ya biyo ta gida, uwarsa tana cin tuwo, ni kuma ina da magana da shi.