Bayan Wuyan Ƙanena

Mun tashi da asuba daga Agadas, mu huɗu, maƙeran azurfa da aka gayyata baje koli a wata ƙasar Larabawa. Abokan tafiyata ciniki ya ɗauke su. Ni kuwa da saƙo a bakina. Ƙanena yana aiki a birnin da za mu je shekara bakwai ke nan, idanun Inna kuma sun fara mutuwa. Ta hana a faɗa masa ta telefon, ta ce: "Ka zauna da shi ka gaya masa ya zo in gan shi tun ina gani."

Hanyar garin Tawa ba sai na ba ku labari ba. Kar ɗin, wato babbar motar fasinja, ta girgiza mu har dabinon da na ƙulle masa ya manne ya zama curi guda. Mun sayi cuku a Abalak, muka kwana Yamai, sai jirgi.

Wurin da aka sauke mu, jama'a, gari ne sukutum a ƙarƙashin rufi ɗaya. Masauki, kasuwa, masallaci, asibiti, duk a ciki. Ba rana, ba inuwa, sai sanyin inji. Akwai jirgin ƙasa marar direba, na shiga na yi sallama, ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. Akwai wata hanya da ke tafiya da kanta kana tsaye, ta kusa kayar da ni da rawanina. Kuɗin kofin shayinsu zai ciyar da gidana wuni guda, kuma wallahi ruwan zafi ne kawai.

Ƙanena yana tuƙa ƴar motar batiri mai ɗaukar tsofaffi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ya rungume ni a tsaye, ya ce: "Yaya, hau baya. Shef, shugaban aikinmu, ya hana mu tsayawa." Na hau. Haka muka yi kwana uku: in rufe teburin baje kolina, in nemo motarsa, mu yi ta kai da komo, shi a gaba, ni ina kallon bayan wuyansa. Ya tambayi Inna, na ce lafiya lau, kamar yadda ake cewa.

Ku da kuka san Agadas kun san ba a buɗe babbar magana sai an shimfiɗa tabarma, an ɗora shayi, an kai kofi na uku. Har butar shayina na tafi da ita. Amma an hana gawayi a duk ginin, shi kuma da ya tashi aiki motar kamfani ke kwashe su zuwa wani sansani bayan gari, inda baƙo ba ya shiga. Kullum sai in ce gobe za mu zauna. Kaɗaici bai taɓa cina irin na wannan wuri ba, alhali ga ɗan'uwana taku ɗaya a gabana.

Ran tafiya shi ya kai ni ƙofar fita. Na buɗe baki ke nan sai wata tsohuwa ta ɗaga masa hannu. Ya ce: "Ka gaida Inna," ya juya mota.

Abin da na koyo shi ne, akwai garin da ba a zama a cikinsa, in kana da magana ka faɗe ta a tafe. Na koya a makare.

Da na shiga gida, Inna ta lalubo hannuna ta riƙe. Ba ta tambayi hanya ba.

"Yaushe ya ce zai zo?"

Na ce: "Inna, ban faɗa masa ba."