Bandirin Inuwa Mai Tsire

Lokacin da Inuwa ya sauka Gyaɗi-Gyaɗi, wajen 1973, gonaki sun fi gidaje yawa. Daga ƙauyen Gaya ya zo, ba shi da kowa a Kano. Ya kafa tukubar tsire a bakin hanya, duk Juma'a bayan la'asar kuma shi ke buga bandiri a zikirin 'yan Ƙadiriyya. Direbobi da leburori da manoman Tarauni, waɗanda ko gaisawa ba sa yi, in ya buga sai ka ga kafaɗunsu na tafiya tare. A wannan sahun kaɗai ake kiransa ɗan'uwa.

Sai dai Inuwa akwai ganganci. Fatar bandiri tana so a gasa ta kafin bugu, shi kuwa a kan tukubarsa yake gasawa. Kowane bugu sai ƙamshin ƙuli da kitse ya tashi. Bayin Allah suna ambaton Ubangiji suna haɗiyar yawu, ana shafa fatiha kuma sai su zarce wurinsa sayen tsire. Ni dai ban taɓa yarda tsautsayi ne ba.

Malam Garba, muƙaddamin wurin, ya gaji.

"Inuwa, zikiri muke ko talla?"

Ya karɓe bandirin ya ba Sani tela. Inuwa ya daina zuwa. Yana jiyo su daga bakin tukuba, abin yana cin ransa, har tsirensa ya fara ƙonewa.

Wata Juma'a cikin damina aka wuni ana ruwa. Fata ta saki, Sani na bugawa kamar mai dukan jiƙaƙƙiyar tabarma. 'Yan Tarauni suka yi gaba a zikirin, 'yan Gyaɗi-Gyaɗi suna baya, wani tsoho ya taka ƙafar direba, aka fara harara. Aka nemi wuta, itacen kowa ya jiƙe. Rumfa ɗaya ce ke hayaƙi a unguwar.

Malam Garba da kansa ya ɗauki bandirin, farar rigarsa na jan taɓo, jama'a na biye. Ya tsaya gaban tukuba.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Inuwa. "Da yaji za a sa ko babu?"

"Gasa, ka zo ka buga mana. Sahu ya watse."

Inuwa ya karɓa, hawaye ya zubo masa. Ya ce hayaƙi ne. Ƙarya yake yi, hayaƙin tukuba bai taɓa sa shi kuka ba.