Sunan da Ya Ɓace wa Kaka Zuwera

A unguwar Bukoki an san Kaka Zuwera da ƙosai, jikokinta kuwa da labari suka san ta. Mutuniyar Dogon Dutsi ce. Ɗanta Halidu, direban taksi, shi ya ɗauko ta zuwa Yamai bayan rasuwar mijinta. In ɗari ya shigo, ana idar da magariba take hura gawayi a kasko, yara su zagaye ta suna jin ɗumi, ita kuma ta shiga jero musu kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. In sun amsa da Zabarmanci, ta ce su maimaita da Hausa.

Bana, tana tsakiyar labarin kakan da ya haƙa rijiyar garinsu, sai sunansa ya ɓace mata ɓat. Yara suka zuba mata ido.

Tun daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ƙosai ya riƙa ƙone mata a wuta. Ta tambayi Halidu.

"Inna, ni ina na sani? Ai ke ce mai riƙe da su."

Maganar ta tsaya mata a rai. In ita ta manta, wa ya saura?

Sai ta tuna da Malam Moussa, tsoho ɗan garinsu mai lambu a Gamkalle, bakin kogi. Ta matsa wa Halidu har ya bar fasinja ya kai ta. Suka tarar da shi yana ban ruwan ganyen salati. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta jefa masa tambayar.

"Isaka ke nan," in ji Moussa. "Amma ba shi ya haƙa ba. Kakana ne ya shiga ramin, naku igiya kawai ya ja."

"Igiya? Malam, ka ji tsoron Allah!"

Suka yi ta musu tsakanin kunyoyi har aka kira la'asar, Halidu na ta danna oda a bakin hanya.

Da yamma ta ba yaran sunan, ta kuma faɗa musu abin da Moussa ya ce, tana hura hanci. Hankalinta dai bai kwanta ba. Yanzu ko tana suya da safe labari take yi don kada wani sunan ya sake ɓace mata, kuma duk Juma'a sai ta aika a ɗauko mata Moussa, su zauna gaban yara su ci gaba da gardamarsu.